Jar Fitilar da Ba Ta Mutu Ba

"A hankali da kansa, matakalar nan ba ta da faɗi," in ji Mai Ɗinki, tana bin bayan mutanen da suka ɗauko Baba Direba a kan kujera.

Shi kuwa tsohon ba ta kansa yake yi ba, duk da numfashin da yake ja da ƙyar. Ya lalubi aljihu ya miƙo mata makulli.

"Fasinjojina, 'yar nan. Abinci sau ɗaya a rana, ɗan tsunkule kawai. Ki riƙa duba jar fitilar hitar nan, in kin ga..."

Tari ya ci ƙarfinsa. Kafin ya lafa an sa shi a motar asibiti, an rufe ƙofa.

Baba Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin bas. Da matarsa ta rasu, 'yarsa kuma aure ya kai ta wani gari, sai ya sayo dogon akwatin gilashi ya kafa a falo, ya cika shi da ƙananan kifaye masu launi. Irin waɗanda ba sa jure sanyi ne, shi ya sa akwai hita mai ɗumama ruwa a kusurwar akwatin, siririya kamar kyandir, da 'yar fitila ja a kanta. Kifayen su ne fasinjoji. Babban cikinsu, mai yagaggiyar wutsiya, shi ne Kwandasta, don aikinsa ke nan, ya je gaba ya dawo baya yana ture kowa.

Ƙofar Mai Ɗinki tana kallon tasa, kuma ba ta raga masa da tsiya. Takan ce, "Baba, kifin da ba ya shiga tukunya ina amfaninsa?" Shi kuma ya ce su kaɗai ne fasinjojin da ba su taɓa zaginsa ba. Ta sha ganinsa yana ɗora bayan hannunsa a jikin gilashin, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ta ɗauka shafa su yake yi, irin ta tsohon da kaɗaici ya dama.

Amma ita mace ce da ba a ba ta ajiya ta yi wasa. Kowace safiya, kafin ta taka keken ɗinki, sai ta buɗe ɗakin. Sanyi ya sauko da ƙarfi a makon nan, har tana jin siminti yana cizon ƙafarta ta cikin silifa. Abin da take fara nema jar fitilar ce. Kullum tana nan jajir, ko ƙiftawa ba ta yi. Sai hankalinta ya kwanta, ta tsunkula abinci ta watsa, ta ja ƙofa.

Sannu a hankali ɗakin ya fara canzawa. Wani wari ya tashi, irin na jiƙaƙƙen tsumma. Murfin akwatin ya riƙa tara gumi yana ɗiga. Kifayen suka daina yawo, suka taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa. Ta ce a ranta yunwa ce, tsohon nan ma da rowa yake, ɗan tsunkule ina zai kai su. Ta ƙara musu. Washegari abincin yana nan yana yawo ba wanda ya taɓa, ga wani ɗan rawaya ya juya ciki sama. Ta kwashe shi da matacin shayi, ta yanke shawarar ba za ta gaya wa marar lafiya ba. Ta sake duban fitilar, ta gan ta a kunne, ta ce to ai da sauƙi.

Ranar da la'asar ta tafi dubiya. Ta tarar 'yar tasa ta iso, tana zaune a bakin gado idanunta sun kumbura. Baba Direba ya rame, an sa masa robar iska a hanci, amma yana ganin Mai Ɗinki ya motsa yatsa.

"Yaya fasinjoji?"

"Suna gaishe ka, Baba. Kada ka damu, fitilar nan tun da ka tafi ba ta mutu ba. Kullum tana nan."

Ta zaci zai yi murmushi. Sai ya ƙura mata ido, ya daɗe.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

Ya rufe ido, ya tattaro numfashi. "Dutsen gugarki, 'yar nan. In ya yi zafi, fitilarsa me take yi?"

Nan take ta gane. Abin da take gani kullum a teburin aikinta, har ta daina lura da shi. "Mutuwa take yi, Baba. In ya huce ta dawo."

"To hitar ta maƙale. Dafa su take yi."

"Baba, don Allah ka bar maganar kifin nan," in ji 'yar. "Likita ya ce kada ka wahalar da kanka."

Bai ko dube ta ba. Ya kamo gefen mayafin Mai Ɗinki, yana magana yana hutawa. "Ki zare waya daga bango. Kada ki fito da hitar, fashewa za ta yi. Kada ki zuba ruwan sanyi, shi zai ƙarasa su. Ki buɗe murfi kawai, ya huce da kansa." Ya saki mayafin. "Ki kira ki gaya mini wanda ya rage."

Ba ta taɓa jin haushin bas kamar ranar ba. Kowace tasha sai ya tsaya, kowane fasinja sai ya yi nawa wajen sauka. Tana zaune tana murza makullin a tafin hannu, kunya da tsoro sun cika ta. Amana guda aka ba ta, ta yi ta gadin fitila ta bar ruwa.

Ta hau matakala da gudu. Tana buɗe ƙofa warin ya tare ta. Jar fitilar tana nan a kusurwarta. A karon farko ta ɗora bayan hannunta a jikin gilashin, ta ji shi da ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Ta fizge wayar daga bango, ta ɗage murfin, tururi ya bugi fuskarta. Saman ruwan ya rufe da fararen cikkunan matattun kifaye. Hannunta har ya kai kan bokiti, ta tuna gargaɗinsa ta janye.

Ta yi ta kwashe su da matacin shayi tana jerawa a faranti, hawaye na zuba. Sai da ta gama ta hango Kwandasta can ƙasa, bayan dutse, ya karkata gefe guda. Kunnuwansa suna motsi. Ta tsuguna tana kallo, ba ta ko son yin numfashi mai ƙarfi, har ya miƙe ya kaɗa yagaggiyar wutsiyar.

Ta ciro wayarta ta kira 'yar Baba Direba. Ta daɗe tana ringi kafin a ɗauka.

"Ki gaya wa Baba Kwandasta yana nan. Ki ce masa yana motsi."



"Anti," in ji 'yar, "Baba ya cika. Tun kina hanya. Ya yi ta tambaya ko kin isa."

Mai Ɗinki ta ce Allah ya jiƙansa, ta sake faɗa, ba ta san lokacin da wayar ta katse ba.

Rana ta yi ƙasa, sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta tuna yanzu ba hita, ruwan nan zai huce ya wuce inda ake so. A bayan ƙofa tsohuwar rigar sanyinsa ta tuƙi tana rataye, gwiwar hannun ta sha faci, facin ma ita ta yi masa. Ta sauko da ita ta lulluɓe bayan akwatin da gefensa, ta bar gaba a buɗe.

Ta jawo kujerarsa ta zauna, bayan hannunta a jikin gilashi. A ciki Kwandasta ya tafi gaba a hankali, ya juyo ya dawo baya, ba kowa a hanyarsa.