Yawun Thorkild

Wata uku Solvej Brask tana fasa dutsen ƙyastu tana sawa a na'ura, abin da Farfesa Thorkild ya gani ya ƙi fitowa. Ita na'urar, haske take harbawa a kan dutse, ta karanta abin da ke fatarsa ta sama kawai. A duwatsun Thorkild takan nuna sinadarin naitirojin kwance a kan silika, wato ainihin sinadarin dutsen. A na Solvej kuwa, silika zalla.

Thorkild ya riga ya raɗa wa abin suna, ya kai shi taron masana har biyu. Takardar sabunta aikin Solvej kuma tana kan teburinsa, ba sa hannu.

"Solvej, hannunki ne," in ji shi a wurin shan kofi. "Wani ko ƙwai aka ba shi ya dafa sai ya ƙone."

Ta ci gaba da shan kofinta. Ni ma haka. Ni, Ejnar, ni ne mai kula da na'urar. Shekara ashirin na yi a mahaƙar alli kafin in shiga aji, shi ya sa Thorkild ke kirana "tsohon ɗalibi", ba ya kuma tambayata komai.

Ran Alhamis ya ce mu taru ya nuna mata yadda manya ke yi. Ya sa safar hannu biyu. Ya goge guduma da sinadari. Ya fasa dutsen, ya ɗaga ɓallin wajen taga, ya lasa da harshe don ƙwayar dutsen ta fito, kamar yadda masana duwatsu ke yi a fili, ya miƙo mini. Bai ma san ya yi ba.

"Thorkild," na ce, "wannan da ka lasa zan sa, ko ɗaya ɓarin?"

"Wa ya lasa?"

"Sa duka biyun, Ejnar," in ji Solvej.

Na sa. Lasasshen ya ba da naitirojin, tsaf yadda yake a hotunan da Thorkild ya kai taro. Ɗayan bai ba da komai ba.

"To, an gano farfesa a jikin dutse," in ji ta.

A sashenmu wanda ya yi kwaɓa shi ke kawo kek. Washegari Thorkild ya zo da na kanti, busasshe, ya ce ai kuskuren na kowa ne, ilimi haka ya gada. Ya tura wa Solvej takardarta ta ƙarƙashin faranti, da sa hannu, amma ta shekara ɗaya maimakon uku. Ta karanta, ta ninke, ta yanka wa kanta rabin kek ɗin.