Ranar da Auta Bai Taka Birki Ba

Duk wanda ya koyi mota a hannun Auta ya san shi da abu biyu, baki da ƙafar dama. Motar koyarwarsa birki biyu gare ta, ɗaya a gaban ɗalibi, ɗaya a gabansa, kuma nasa ne ya fi cinyewa. Kaza ta gilma can nesa, sai ka ji ƙiii, goshinka ya kusa gaisawa da sitiyari.

Yayarsa ce ɗalibar da ta fi kowa daɗewa. Labule take sayarwa, ta sayi 'yar mota don kai wa mutane kaya, amma har yau ba ta taɓa wuce filin koyo ba, wani fili a bayan gari mai tsofaffin tayoyi jere da tudun rage gudu guda ɗaya na gwaji. In ta ce ya bar ta ta hau titi, sai ya ce, "Haba Yaya, me mutanen gari suka yi miki?"

Ran nan ya iso a duƙe, ya shiga motar koyarwar a hankali kamar tsoho. Ta miƙa masa shayi da burodi, ya kau da kai. Auta ya ƙi abinci! Yaya ta ajiye kofin ta zuba masa ido.

"Kai, lafiyarka kuwa?"

"Ciwon birki ne," ya ce. "Duk masu koyar da mota suna yinsa. Jiya a cibiya ya fara, yau ya gangaro nan ƙasa ta dama, daidai jijiyar da nake taka birki da ita. Abokan aikina sun ce man zafi kawai zan shafa. Ke ce ma kika jawo min rabinsa. Tayar da mota."

Ta tayar. A kwanar farko ta ture taya, ta ƙanƙance ido tana jiran faɗa. Shiru. Ta ture ta biyu, nan ma shiru, sai numfashi da yake ja ta haƙora. Shirun nan ya fi faɗan ba ta tsoro. Da suka zo tudun gwaji ta hau shi yadda ta saba, gab!

"Wayyo Allah na!" Auta ya dafe mararsa ta dama, gumi ya keto masa.

Ta kai hannu goshinsa, zafi rau. Ta matsa masa da tambaya, ya amsa cewa ya yi amai da safe, kuma ko tari ya yi sai ya ji kamar ana soka masa abu. Yaya ba ta san sunan ciwon ba, amma ta san ciwon jijiya ba ya zuwa da zazzaɓi da amai. Ta duba filin, babu kowa sai tayoyi. Ta juya kan mota ta nufi ƙofa.

"Yaya, ina za ki? Titi ne fa nan!"

"Na gan shi."

Ya yunƙura zai taka birkinsa, ƙafar ta ƙi ɗaguwa, ciwon ya naɗe shi a kujera. Haka Yaya ta hau titi karon farko a rayuwarta. Za ta ba da sigina, sai abin goge gilashi ya kama rawa. Giya biyu ta riƙe ba ta sake ba, motoci suka yi layi a bayanta suna ta ham. Ta leƙo ta taga tana cewa, "Ku yi haƙuri, bayin Allah, 'yar koyo ce, mara lafiya na ɗauko!" Wani mai babur ya ji, ya shige gaba yana buɗa mata hanya da hannu. Duk tudun da suka tarar, sai ta lallaɓa shi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

"Taka kulochi, canza giya," in ji Auta da 'yar muryarsa.

"Rufa min baki."

A asibiti likita ta kwantar da shi, ta danna wurin a hankali, ta saki. Ihun da ya yi har masu jira a waje suka miƙe. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, ta dawo ta ce afendis ne, 'yar wutsiyar hanji ta kumbura, aiki za a yi yanzu. Auta ya fara kawo zancen birki, ta yi dariya.

"Malam, ciwon da ya fara a cibiya ya koma ƙasa ta dama, ga ƙin abinci, ga amai ko zazzaɓi, yana ƙaruwa in an yi tari ko mota ta yi gargada, ba a jira da shi, ba a shafa masa man zafi. Ko ya lafa farat ɗaya, a zo, wataƙila fashewa ya yi. Naka saura ƙiris."

Aka tura shi ciki. Yaya ta zauna a benci. Ma'aikaciyar jinya ta kawo mata ruwa. Sai a lokacin tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta samu sararin ji ba a hanya.

Da yamma ya farfaɗo, leɓe a bushe, ya gan ta zaune a gefen gado. Ya kalle ta ya ce, "Yaya, da kin kashe mu fa."

"Da na bar ka a filin nan, da kai kaɗai za ka mutu," ta ce, hawaye na zubo mata tana dariya. "Ranar da Inna za ta rasu, hannunka ta sa a nawa. Ko tirela ce a wurin nan, wallahi sai na tuƙo ta."