Ƙofar da Ane Perumal Ya Lotsa

Ina kicin ina juya shinkafar kwakwa na ji ƙarar, gwaram! Ko murhu ban kashe ba na fito. Motata tana inda na saba ajiye ta a bakin titi, sai dai ƙofar direba ta lotse ciki kamar an taka gwangwani. Bayan motar maƙwabcina, Ane Perumal, yana manne da ita. Shi kuwa yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari, ya kasa ko waigowa.

"Ane! Duk faɗin garin Taiping ka rasa abin bugewa sai motar tsohuwa?"

"Kak Jah, ban gan ta ba."

"Mota ce fa, ja jawur! Ba kyanwa ba ce!"

Ya fito, ya shafa ƙofar, ya ce a hankali, "Ganesan zai ji." Nan take na daina masifar.

Ganesan ɗansa ne da ke aiki a Johor, can kudu mai nisa. Shi ke biya masa inshora, duk saƙon kamfani wayarsa yake shiga. Tun da Ane ya goge ƙofar gida da mota bara, yaron ya yanke hukunci: in aka sake, a sayar da motar, a ba da gidan haya, tsoho ya koma wurinsu can saman bene.

Ni kuwa in aka ɗauke Ane, wa ya rage mini? Mijina ya rasu, yarana suna Kuala Lumpur, sai ranar Lahadi suke kira, shi ma in sun tuna. Layinmu duk 'yan haya ne yanzu, su fita da asuba su dawo da duhu, ko sannu babu. Ane tsohon ma'aikacin gidan waya ne, matarsa ta riga mijina tafiya. Kullum da yamma yana ba shukokinsa ruwa, ni ina baranda, mu yi ta faɗa ta saman katanga. Ya ce shayina sukari ne zalla, in ce rediyonsa ya hana tsuntsaye sauka. In ban da wannan faɗan, sai in wuni ban buɗe baki ba sai a kan sallaya.

Na ce masa ya shiga gida ya zauna, zan je in ji ta bakin Mei Fong, mai yi mana inshora a shagon kusa da kasuwa. Ƙofar motar ta ƙi buɗuwa, dole na zagaya ta ɗaya gefen, na tattare zani, na haura kujera da rarrafe, gwiwata na ƙara. Ashe yana kallona ta taga.

Mei Fong ba ta ɓata lokaci. "Kak Jah, tunda ba laifinki ba ne, kamfani zai gyara, rangwamen da ake miki don ba ki taɓa yin haɗari ba kuwa, ba abin da zai taɓa shi. Amma ki kai rahoto caji ofis kafin gobe warhaka, su rubuta cewa shi ne mai laifi."

"In ba a rubuta sunansa ba fa?"

"To, kamfani ya ɗora miki. Rangwamen da kika tara shekara da shekaru ya tafi, in kin zo sabuntawa ki biya kuɗi cikakku."

"In ban nemi komai ba kuma?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Sai ki gyara da aljihunki. Kina da shi?"

Ba ni da shi, fanshon mijina iyakarsa cefane da kuɗin wuta. Na ce mata a bar ƙofar haka, ai mota ƙofa huɗu gare ta. Na dawo gida raina fes, har na saya wa Ane soyayyiyar ayaba don in kwantar masa da hankali. Na tarar da gidansa a kulle.

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Wani ɗan sanda ne, wai wani dattijo ya kawo rahoto cewa ya buge mini mota, in zo in ba da nawa bayanin.

Na sami Ane a caji ofis a kan benci, ya sa farar riga mai guga, ya sharce gashi da man kwakwa kamar mai zuwa biki. Har ya biya tara.

"Ane, wa ya aike ka? Wa ya roƙe ka?"

"Na gan ki kina rarrafe a kan kujera, Kak. Da wannan gwiwar."

"Gwiwarka ce? Ni na yi maka ƙorafi?"

"Ni na buge, ni zan faɗa. Tsawon aikina ban taɓa ɓoye wasiƙar da na jiƙa ba."

"To ka kyauta! Sarkin masu gaskiya! Yanzu sai ka je Johor ka yi ta gaskiya da bango."

Ya sunkuyar da kai. Ɗan sandan ya miƙo mini biro, na sa hannu, ban ma ga abin da na rubuta ba don hawaye.

Ba a jima ba Ganesan ya zo da motar kaya. Yaro mai ladabi, haushin ke nan, ko abin zagi bai bar mini ba. Ya kawo mini kwandon 'ya'yan itace, ya ba ni haƙuri kan motar. Ane ya tsaya a bakin katanga da jakarsa. Mu da ba mu iya magana ba sai ta faɗa, ranar ba mu sami abin faɗan ba.

Bakanike ya yi aiki mai kyau, ko tabo babu. Ane ya kira ni daga Johor a farko-farko, amma ta waya faɗa ba ya daɗi, sai gaisuwa da shiru. Daga baya kiran ya ja baya.

Da lokacin sabunta inshora ya yi, na koma wurin Mei Fong. Na yi mata sallama, muryata ta fito a dishe, sai da na yi gyaran murya. Ta danna na'ura ta juyo mini da ita.

"Kin gani? Rangwamenki na nan daram, ko sisi ba a ƙara miki ba. Da kin bar ƙofar nan da kina nan kina rarrafe."

Na biya, ta ba ni takarda, na ninke na sa a jaka. Ban tashi ba.

"Da wani abu kuma, Kak Jah?"

Shagon ba kowa, fanka na juyawa. Na jawo kujera kusa da teburinta.

"Ni fa ban gane zancen rangwamen nan ba," na ce. "Sake yi mini bayani tun daga farko, a hankali."