Gidan Ƙarshen Layi

Shekara huɗu mai gyaran wuta da matarsa suka yi suna tara kuɗin gida. Haya suke yi a hawa na uku, ciki da falo, inda in maƙwabci ya yi atishawa kai ma sai ka ce masa sannu. Ita tana aiki a kantin magani, shi yana bin gidaje da jakar kayan aiki a kafaɗa. Da albashinta ake ci a biya haya. Abin da ya samo kuwa, ban da kuɗin mota, banki yake wucewa ba a ko shinshina shi ba. Ɗiyarsu guda, 'yar shekara uku, ana ce mata Aku saboda bakinta ba ya hutawa.

Gidan da ransa ya biya yana can ƙarshen layi, inda bas ke juyowa. Ba wani na a zo a gani ba ne: ɗaki biyu, falo, kicin, sai tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Amma ranar da dillali ya kai su, Aku ta fizge hannunta ta yi ta zagaye da gudu har ta faɗi, babu maƙwabcin ƙasa da zai zunguri silin da sanda. Shi kuwa kafin su fito ya gama wayarin ɗin gidan a kansa.

Mai gidan tsohon malamin makaranta ne, zai koma wurin ɗansa da zama. Ya yarda su ba da rabi cikin wata uku, sauran su biya a hankali. Kaɗan ya rage rabin ya cika.

Lokacin matar tana da ciki, kuma sun riga sun sa shi a lissafi, tunda gadon Aku da kayan jarirtarta suna nan. Ranar da ta dawo daga hoton ciki, ta same shi yana kwance wata fanka a falo.

"Baban Aku, ajiye sukundireban nan. Likita ta ce kai biyu ta gani."

"Kai biyu? Yaro ɗaya?"

"'Yan biyu, malam!"

Ya yi ta dariya, baki har kunne. Kwana biyu yana shelar labarin, har kwandastan bas sai da ya ji.

Ran Asabar da safe ta zaunar da shi. Likita ta ce ta daina doguwar tsayuwa, ga shi aikin kanti tsayuwa ne daga safe har yamma. Bayan haihuwa ma, kuɗin rainon jarirai biyu ya fi albashinta. Ga madara, ga kunzugu, ga Aku za ta shiga makaranta.

"In na zauna a gida, da naka za mu ci," in ji ta. "Da me za mu biya Malam?"

"Zan ƙara aiki. Har Lahadi zan riƙa fita."

"Kai fa guda ɗaya ne, ba 'yan biyu ba."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi zuwa. Ya juya lissafin ta kowace fuska, wutsiyar raƙumi dai ta yi nesa da ƙasa. Da ƙafarsa ya je ya gaya wa tsohon sun fasa sayen gidan. Malam ya jinjina kai ya ce, "Ɗana, na so a ce ku ne. Allah Ya sauke ta lafiya."

A wata takwas aka haife su, mace da namiji. Sati uku suka yi a kwalba, kuɗin gida ya narke har ya kusa rabi. Bai taɓa jin zafin biyan ba. Sai dai tun daga nan, in aiki ya kai shi unguwar, yakan sauka tasha ɗaya kafin ƙarshen layi ya ƙarasa ta bayan gari, don kada ya ga gidan.

Bayan wata bakwai dillali ya kira shi. Wani ɗan kasuwa ya sayi gidan, yana neman mai canza masa wayoyi. Ya leƙa kicin. Gwangwanin madara saura na kwana biyu. Ya ce yana zuwa.

Kwana uku ya yi a ciki. Ya tarar ana rufe tsakar gidan da kwano, za a mai da ita sito. Da rana yakan zauna kan bulo a ɗan wurin da rana ke faɗowa, ya ci abincinsa shi kaɗai. Ya yi aikin tsaf, ko waya ɗaya bai bari a waje ba. Ɗan kasuwa ya yaba, har da ƙari a kan kuɗin aiki.

Da ya dawo, matar tana goye da ɗaya, ɗaya a cinya.

"Yaya gidan?"

"Yana nan."

Ba ta ƙara tambaya ba. Can ta ce wata abokiyar aikinta ta ba ta labarin filaye bayan gada, da araha, don ko wuta ba a kai ba.

"Wuta kuma? Ina ce mai ita kike aure?"

Ran Lahadi suka ɗunguma su biyar. Fili ne fetal, ciyawa har gwiwa, sai turakun siminti a kusurwoyi. Ko rabin kuɗinsa ba su da shi yanzu, dukansu sun sani. Duk da haka ya miƙa wa matar jaririn da ke hannunsa, ya shiga auna wurin da taku: nan falo, nan ɗakin yara.

"Baba, ina ƙofar?" in ji Aku.

Ya nuna mata tsakanin wasu duwatsu biyu. Ta zagayo ta tsaya a wurin, ta yi sallama. Uwarta ta amsa daga cikin ciyawa, ta ce ta shigo.

Sun fi awa suna jiran bas a bakin titi. Jaririyar ta fara kuka, ya ɗora ta a kafaɗa yana jijjigawa, fuskarsa tana wajen filin.