Kujerar Saman Bene

Injin niƙa ne ya cinye kunnen Mai Niƙa, kuma ba a rana ɗaya ya cinye ba. Shekara da shekaru yana tsaye a kansa a shago mai ƙofa ɗaya, yana zuba masara yana tura barkono, har wata safiya ya tada injin, ya ga bel yana juyawa, ya ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarsa, amma ƙarar ba ta zo ba. Bai yi kuka ba, bai je asibiti ba, ya ci gaba da niƙansa. Tun daga ranar abubuwa suka daina kai masa ciki. A yi haihuwa a layin ko a yi rasuwa, zai je ya zauna ya taso, duk ɗaya ne a wurinsa.

Abu guda injin ya bar masa. A shagon niƙa ko mai kunne ba ya ji, don haka tun yana saurayi ya koyi karanta bakin masu kawo niƙa. "Ya yi laushi." "Kar ka haɗa min da nata." "Macuci." Mutanen gidansa sun san da haka, sai dai mantawa suke yi, su yi ta maganarsa a gabansa kamar ana maganar tsohuwar kujera.

Autarsa tana babban birni. Ta samu shiga wani wasan kwaikwayo da ake yi a kan dandamali, irin wanda ba a magana a cikinsa sai da waƙa da rawa. An ba kowane ɗan wasa tikiti biyu na ranar buɗewa, ta aiko da nata gida, ɗaya na Baba ɗaya na Inna.

Ranar hutu babban ɗansa, wanda ake kira Akawu saboda aikinsa, ya zo da matarsa a tsara tafiya. Aka zauna a falo. Aka yi maganar motar safe, aka yi maganar inda za a kwana, Inna ta ce ita sai kujerar bakin taga domin mota tana juya mata ciki. Surukar ta zo da sabon takalmi a leda, wai nuna wa Inna za ta yi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Mai Niƙa yana gefe da farin gari a girarsa. Ya ga Akawu ya karkata wajen uwarsa, bai ko rufe baki da hannu ba.

"Inna, a bar wa maman yara tikitin Baba mana. Waƙa ce fa za a yi. Me zai ji?"

"Da sunan ubanta Auta ta aiko," in ji Inna.

"Wahala kawai za mu ba shi. Ya sha mota, ya hau bene, ya zauna cikin duhu kamar buhu."

Yaran yanzu haka suke, in suna son abinka sai su ce tausayinka suke ji. Mai Niƙa ya ga kowace kalma. Ya laluba cikinsa ko zai tarar da fushi, bai tarar da komai ba. Ya san ma yaron bai yi ƙarya ba.

Ana cikin haka Auta ta kira a waya, kiran da ake ganin fuska. Aka miƙa masa. Bakinta ya cika gilashin, ya karanta shi sarai.

"Baba, za ka zo ko? Ina da waƙa tawa ni kaɗai."

"Kujerar, ina take?" Ya faɗa da ƙarfi har surukar ta zabura, domin ba ya jin muryar kansa.

"Saman bene, can baya. Na gaba na manyan baƙi ne."

"Nisan fa?"

Ta ɗaga ido sama tana aunawa. "Kamar daga ƙofar shagonka zuwa falwayar mai faci."

Ya miƙa wa Akawu wayar, bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba.

Washegari da rana, da masu niƙa suka ragu, ya kashe injin ya aika aka kira masa Inna. Ta zo hannunta da kumfar wanki.

"Je ki tsaya a falwayar mai faci ki yi min magana."

"Malam, lafiya? Da tsufana zan tsaya a titi ina surutu ni kaɗai?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya. In na ga bakinki daga nan, zan je. In ban gani ba, ki kira Akawu ya ba matarsa tikitin."

Ta dube shi, ta goge hannu a zani, ta kama hanya. Da ta kai shagon mai aski, wajen rabin tafiyar, ta juyo ta motsa baki.

"Na gani," ya ɗaga murya. "Tsoho mai taurin kai kika ce. Ƙara gaba."

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu yana dariya. Inna ta wuce mai sayar da katin waya, ta tsallake kwata, ta isa falwayar. Mai faci ya ɗago daga bahon ruwan da yake duba taya a ciki. Ta juyo ta fuskanci shagon.

Mai Niƙa ya ƙanƙance ido. Bakin nata bai fi ƙwayar masara ba. Ya goge idonsa da gefen riga ko garin ne, ya sake dubawa. Ya ga dai wani abu yana motsi a fuskar, ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Ya taka ƙafa ɗaya gaba, sai ya tuna kujerar bene ba ta matsawa, ya koma inda yake. An ce gani ya kori ji. Shi jin ya riga ya tafi, ga ganin ma ya tsaya a shagon mai aski.

Ya tsaya hannuwa a sake. Ba baƙin ciki ya ji ba. Tunanin da ya zo masa shi ne bel ɗin injin ya fara sakewa, in ba zai yi tafiya ba sai ya canza shi a satin.

Can a falwaya Inna ta gaji da jiran ya yafito ta. Ta dafa ƙugu da hannun hagu, ta ɗaga haɓa, ta ɗan yi ɗage a kan yatsun ƙafa, hannun dama yana saran iska. Mai faci ya ja bahonsa baya. Mai Niƙa ya daɗe yana kallon wannan tsayuwar.

Ta dawo tana haki. "To, me na ce?"

"Ban gani ba."

Ta dubi injin, ta dubi ƙasa. Sannan ta ɗago fuska yadda zai ga bakinta. "Shi ke nan, bari in kira Akawu."

"Faɗa kike yi dai."

"Ka ce ba ka gani ba."

"Bakin ne ban gani ba. Ƙugun na gani." Ya nuna buhunan da ke jingine a bango. "Haka Auta take tsayawa a kan buhu tana ƙarama, in za ta ja waƙa. Haɓa sama, ƙafa a ɗage. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ai ka sha jin ta a lokacin."

"Ina fa. Inji yana aiki. Ko a lokacin kallonta nake yi."

Ya sake laluba cikinsa. Ba murna ya samu ba, wani ɗan ɗumi ne kawai, irin wanda ke saura a jikin inji bayan an kashe shi.

"Ki ce wa Akawu matarsa ta adana takalminta, ba ya ruɓewa. Ya kama mana kujera biyu a motar safe, taki a bakin taga."

Ta juya za ta tafi, ya ce, "Wai me kika ce a can?"

Ta juyo masa da fuska. "Cewa na yi ko ka gani ko ba ka gani ba, ni ba zan yi amai a gaban suruka ba."

Wata mata ta shigo da bokitin tumatir a ka. Mai Niƙa ya karɓa, ya ɗauraye bakin injin, ya ja igiya, ƙasa ta fara rawa a ƙafarsa.

"Ki gaya wa 'yan layinku," ya ce mata da ƙarfi, "mai niƙan ƙarshen sati ya kawo da wuri. Shago zai kwana a rufe."