Furen da Ercilia Ba Ta Gani Ba

A nan Punta Arenas, idan hunturu ya kama, rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe goma, kafin biyar kuma ta faɗi. Shi ya sa maƙwabciyata Ercilia Oyarzún ta mai da ɗakin ɗinkinta na furanni. Katako hawa uku ta sa aka kafa mata, kowane hawa da doguwar fitilar lantarki, a ƙarƙashi ƙananan tukwanen violeta sun fi sittin. Awa goma sha biyu take bar musu fitila. Ruwa kuwa mai ɗumi, a faranti, ba ya taɓa ganye.

Kullum bayan abincin rana nakan shiga mu sha mate, shayin ganyen da muke sha a nan.

"Nolfa, kin zo ganina ne ko kin zo cinye mini burodi?"

"Burodin mana. Ke me za a gani a jikinki?"

Sai ta yi dariya har da tari.

Shekarar da ta cika saba'in da huɗu ta ɗebi garin wani farin fure da tsinke ta shafa wa wani shuɗi. Wata biyar ta jira kafin iri ya nuna. Da ta shuka, tsiro tara suka fito, ɗaya ya rayu. Ta ce idan ya yi fure za ta sa masa sunan mijinta Baudilio, wanda ya rasu yana askin tumaki a ƙauye.

Ana cikin haka ciwon suga ya sauka a idonta. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura. Daga baya na tarar da ita tana shafa ganyen da yatsa, tana ƙirga su. Likita ya ce an makara.

Ranar da furen ya buɗe, ita ta fara sani, da hannu. Ta ƙwanƙwasa mini bango da muciya, na rugo ko takalmi ban sa ba.

"Faɗa mini, wane launi ne?"

Na duba. Ɗan ƙarami ne, fari-fari, da ɗan dishi-dishin shuɗi a baki. Na buɗe baki zan ƙara masa gishiri, ta riga ni.

"Kar ki yi mini ƙarya, 'yar'uwa. Na san muryarki."

Na faɗa mata yadda yake. Sai ta ce, "To, ai shi ma Baudilio ba kyau ne ya dame shi ba." Muka yi dariya, dariyar ta koma mana kuka.

Bayan wata biyu ta faɗi a ɗakin girki, hannunta ya karye. 'Yarta Maritza ta zo daga Santiago ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba.

"Mama, gidana hawa na tara ne, ɗaki biyu. Ina zan sa tukwane sittin?"

"Ni ban ce ki sa ba."

Muka raba su ga matan unguwa. Duk wadda ta zo, sai Ercilia ta riƙe mata hannu ta yi mata bayani kamar mai ba da riƙon yaro. Ni ta ba ni Baudilio.

Da motar haya ta iso, ta ce a bar ta ta kashe fitilun da kanta. Ta lalubi bango ta danna, ta tsaya fuskarta na kallon katakon da babu komai a kai.

"Sun mutu?"

"Sun mutu, Mama."

Wata bakwai ta yi a Santiago. Ranar Lahadi nakan kira ta, ta tambaye ni ko iska ta sake kwashe rufin wani, ko wa ya rasu a unguwa. Wata Laraba Maritza ta kira ni ta ce Ercilia ta rasu, an binne ta tun jiya, ta rasa lambata sai yau. Na ajiye wayar, na ɗauki mayafina na shiga gida gida ina faɗa wa mata.