Notin da Baba Ya Ɗaure

Motata tana yoyon baƙin mai, kuma duk gidanmu an yarda hannun Baba ne ya jawo. Ni da Yayana kaɗai muka san ba haka ba ne. Shi kuwa Yaya yana can wani gari yana ba da shawara ta waya, aikin da ya fi iyawa ke nan tun muna yara.

Baba ba bakanike ba ne. Aikin ofis ya yi har ya yi ritaya. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin motar gidanmu ta je juyen mai a waje ba. Shi ke yi da kansa, a tsakar gida, a kan simintin da yake sharewa kamar za a ci abinci a kai. Yana da akwatin ƙarfe na sifanoni, da wani tsohon daro na tarar mai, da mazurari, da kwalin firij da yake shimfiɗawa ya kwanta. Da muka girma muka sayi namu motocin, sai ya haɗa har da su. In ka kai motarka kamfani ya ji labari, to ranar sai ka gwammace kashin kaji ka taka ka shigo masa ɗaki.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, sai hannun dama ya tsaya yana jan rai. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa. Baba ya riƙe ƙwallon nan kamar aikin albashi. Yana kallon labarai yana matsawa, yana faɗa da Mama yana matsawa. In an ce ya huta sai ya ce, “Ku ƙyale ni, ƙarƙashin mota nake so in koma.”

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ya koma, kuma motata ya zaɓa.

Ni aikina ɗibar jini ne a asibiti. Hannu nake kallo daga safe har yamma, nawa da na mutane. Ba a ɓoye min rawar hannu. Ina tsugune ina miƙa masa tsumma na ga sifana ta suɓuce masa, ya lalubo ta, ta sake suɓucewa. Na ga yadda ya cije leɓe sa'ad da ya zo ɗaure notin da ke toshe ramin mai a ƙasan injin. Notin nan in ya kwance a kan hanya, mai ya tsiyaye, injin ya tafi ke nan. Ga shi kuma ina shirin doguwar tafiya da 'yan matana biyu zuwa wajen kakarsu ta wajen uba.

Ya fito da baya da baya, gumi ya jiƙa masa riga, fuskarsa kuwa kamar yaron da ya ci jarrabawa.

“Auta, yaya kika gani?”

Na ce, “Ya ɗauru, Baba! Wallahi hannunka ya dawo ras, ko kamfani sai haka.”

Ya ce, “Kamfanin me? Kar ki zage ni mana.” Ya yi dariya har da tari. A ranar nan da hannun dama ya ci abinci, Mama na ta satar kallonsa.

Ni kuwa ina fita na kira Yaya na zayyana masa. Ya ce, “Ke ma dai da neman magana. Kai ta kamfani su duba, wa zai gaya masa?” Ba zan ɗora masa duka ba. Abin da nake so in ji ke nan, shi ya sa shi na kira ban kira wani ba.

Ranar Litinin na kai ta kamfanin da na saye ta. Na ce wa mai karɓar motoci noti ɗaya kawai nake so a taɓa min a ji. Ya yi min murmushin nan nasu na talla ya ce, “Ranki ya daɗe, mu ba ma duba aikin wani. Sai dai mu yi namu daga farko.” Na ce a yi. Suka zaunar da ni a ɗaki mai sanyi, ga shayi, ga talabijin. Ina kurɓar shayi, a bayan bango ana tsiyaye man da Baba ya ɗura da hannunsa, man da ko baƙi bai fara yi ba. Na sani sarai. Na ƙara sukari na ci gaba da shan abina.

Kullum in na tashi daga aiki gidan su Baba nake biyawa in ɗauki yaran, a tsakar gidan nake ajiye mota. Ana cikin makon, na fito zan tafi, sai na tarar da Baba a tsugune a gaban motar. Ga wani ɗigo baƙi a kan simintinsa, faɗinsa bai wuce murfin kofi ba. Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya sansana. Bai ɗago ba.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai Mama ta riga ni daga bakin ƙofa.

“Ai da ma sai da na ce ka bari ka ƙara warwarewa.”

Baban da na sani da sai ya yi mata ca, su kwashi rabin yini suna yi. Sai kawai ya ce, “Gaskiyarki.” Ya dafa mota ya miƙe, ya goge yatsan a jikin wandonsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Auta, kai ta kamfani. Ki ce musu wani tsoho ne ya yi wasa da ita. Kuma kar ki ɗauki yaran nan a ciki sai an gyara.”

Na ce, “To, Baba.” Kun ji abin da na ce. To, Baba. Ni da ake cewa bakina ba ya da burki, ni da na taɓa tsayar da layin asibiti gaba ɗaya saboda wani ya tsallake wata tsohuwa. Na bar motar a nan, muka hau tasi ni da yaran, ina jin kaina kamar ɓarauniya.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, ko ta ina na juya sai na soke shi. In na yi shiru, ya tafi a kan cewa hannun nan nasa ya mutu. In na yi magana, ya san 'yar da ta ce masa ya ɗauru ta fita ta kai wa wasu su sake.

Washegari Mama ta kira ni a wajen aiki. Ta ce, “Zo ki ga ubanki, ni ya fi ƙarfina.”

Na tarar da ƙwallon roba a ƙarƙashin kujera, ƙura har ta fara hawa. Mama ta ce da cokali ya ci abinci, da hagu. A tsakar gida ya baje sifanoninsa a kan jarida, ya wanke su da kananzir ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a akwati. Wai maƙwabcinmu mai gyaran injin ban ruwa zai ba wa, ya ce gara su je inda za a more su. Hannun daman yana ajiye a kan cinya, ko taya na hagun ba ya yi.

Na koma bayan gida na kira Yaya. Ya ce, “To ai shi ke nan, faɗuwa ta zo mana daidai da zama. Ki yi shiru ya huta, da ma shekarunsa sun wuce shiga ƙarƙashin mota.”

Na ce, “Yaya, ƙwallon ma ya daina matsawa.”

Ya ce, “Zai ware.”

Na ce masa wata magana da ba a gaya wa babba, na kashe wayar. Daga baya na ba shi haƙuri, amma ba ranar ba.

Na dawo na durƙusa a gaban Baba, kusa da jaridar. Ban yi kwana-kwana ba, don na san in na fara zagaye ba zan iso ba.

“Baba, yoyon nan ba aikinka ba ne. Ranar Litinin na kai ta kamfani. Sun zubar da naka sun sake nasu. Su ne suka taɓa notin a ƙarshe.”

Mama ta ce, “Innalillahi! Auta!”

Na jira faɗa. Ina so a yi min, da na samu sauƙi. Baba ya ci gaba da goge sifanar da ke hannunsa har ta bushe, sannan ya ajiye.

“Da suka zo kwancewa, a ɗaure suka same shi?”

Abin da ya tambaya ke nan. Bai ce don me ba, bai ce ni za ki yi wa haka ba. Ni kuwa ban sani ba. Na je ne takanas don in san wannan, na ɓige da shan shayi.

Na ce bari in tambaya. Na kira kamfanin a gabansa, na buɗe muryar wayar kowa na ji. Duk haushin kaina na juye wa mai karɓar motocin, na ce sun mayar min da mota rariya, na ce ko makaho ya fi su aiki. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce in kawo yanzu a gyara. Na ce ba gyara nake nema ba, a ba ni wanda ya yi aikin. Aka kai masa wayar, ana jin ƙarar injuna a bayansa.

“Malam, notin ƙasan nan, da ka zo kwancewa, a ɗaure yake ko a sake?”

Ya ce, “Ranki ya daɗe, wallahi ba zan yi miki ƙarya ba. Da injin iska na kwance shi. Shi ɗaurarre da sakakke duk ɗaya ne a wajensa, fir, ya fito. Ga motoci da yawa. Wajen mayarwa ne dai da alama ban ƙarasa ɗaurewa ba, a yi haƙuri.”

Na kashe. Shi ke nan, babu wanda zai taɓa sani. Amsar tana jikin motar nan daga Asabar zuwa Litinin, ni na kai aka goge ta.

Baba ya kalli ɗigon da ke kan siminti, wanda yanzu ya kai faɗin faranti. Sai ya ce, “Ɗauko min kwalin.”

Mama ta fara, “Malam, da dai ka...” Ya kalle ta, ta haɗiye sauran.

Muka ɗaga motar da jak, ni ke bugawa shi yana nuna min inda zan sa. Ya kwanta ya shige. Daga ciki na ji ya yi tsaki. “Ji wai aikin kamfani. Da yatsa ma juyawa yake.” Raina ya ɗan yi sanyi da na ji tsakin nan, don Baban da na sani ke nan. Sai ƙarar sifana, sai nishi, sai shiru, sai nishi kuma. Ta suɓuce sau ɗaya. Na kawar da kai na kalli bango.

Ya fito, ya zauna a bakin kwalin yana mayar da numfashi. Sai ya miƙo min sifanar.

“Shiga ki gwada.”

Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya ba wani ya duba bayan aikinsa ba. Na ce, “Haba Baba, ai ba sai...”

“Shiga, Auta. Jikokina za su hau.”

Na tattare zanina na kwanta a kan kwalin, na ja jiki na shiga. Warin mai, ɗumin jikinsa bai ma bar kwalin ba. Na kafa sifanar a kan notin. A raina na ce yau ko me na samu shi zan faɗa. Na ja da hannu ɗaya. Na haɗa biyu, na tokare ƙafa da taya, na ja har kafaɗata ta yi ƙara. Notin nan ko gezau.

Na fito da sauri har na buge goshi, hawaye na zubo min, ina dariya.

“Ya ɗauru, Baba! Wallahi ya ɗauru, ko motsi bai yi ba!”

Ya kalle ni. Ba fushi a idonsa, da ma fushin ne da ya fi min. Kallon mai neman abin da zai kama ne ya rasa.

Ya ce, “Haka kika ce ranar Asabar.”

Ya miƙo hannu ya karɓi sifanarsa. Da hagu.